Abin da Na Sa Aka Goge

Kai mai buɗe littafin nan, ko ke, mayar da shi inda ka ɗauko. Ba naka ba ne. In kuma idonka ya riga ya fi ƙarfin tarbiyyarka, to karanta, amma kada ka zo mini da maganar a baki. Inda ka ga tawada ta jiƙe, hannuna ne bai bushe ba daga ɗakin wanki.

Litinin, biyar na yamma

Mun iso lafiya. Asibitinmu ya turo ni kwas na mako huɗu a wannan birni, in koyi sarrafa sababbin injinan wanki da za a kawo mana, tunda ni ce shugabar ɗakin wanki. Shekara goma sha tara ina wanke zannuwan marasa lafiya, yau ga wani malami mai gilashi yana nuna mini yadda ake auna sabulu. Na saurara. Ilimi ba a raina shi.

Ɗakin da aka ba mu gado biyu ne, da fanka mai kuka, da taga mai kallon bayan gidan burodi. Abokiyar kwanana daga wani asibiti take. Kafin a tashi daga aji har an sa mata suna Uwar Yawo, domin ta zo da takarda ta jera wuraren da za ta gani. Na leƙa takardar. Babu kasuwa, babu kantin zannuwa. Na farko a jerin: ɗakin kayan da fasinjoji suka manta a tashar jirgin ƙasa.

Na ce, “Ke yanzu da girmanki?”

Ta ce, “Yaya, girman ne ya sa. Da ƙuruciya wa ya bar ni?”

Wayar tana cikin jakata, a naɗe cikin safa. Ba tawa ba. Ta babbar ’yata, wadda marigayiya Inna, mahaifiyata, take kira Mai Kunne.

Talata, bakwai na safe

Na kira gida. Baban yara ya ce kowa lafiya. Kowan da yake nufi shi ne da ƙananan biyu. Mai Kunne tana gidan gwaggonta, yau kwana goma sha biyu.

Laraba, shida na yamma

Sau ɗaya zan rubuta wannan, ba zan ƙara ba.

Sakamakon jarrabawarta ya faɗi ƙasa. Yarinya mai shekara goma sha bakwai, kullum waya a kunne. Na karɓe wayar, na kai wa mai gyara a bakin ƙofar asibiti, na ce ya goge komai, har abin da ke cikin memori, ya cika mata shi da darussan lissafi da kimiyya. Ya yi. Na kai mata da hannuna, ina ganin na yi abin kirki.

Ta duba, ta sake dubawa. Sai ta ce, “Mama, Inna ce a ciki.”

Ashe duk zaman da take yi a bakin gadon Inna a shekarar jinyarta, ɗaukar muryarta take yi. Labaranta, waƙoƙin da take yi in tana guga, faɗanta, dariyarta. Wata biyar da rasuwar Inna, ita take saurare, ni ina cewa shashanci. Ba ta yi mini rashin kunya ba. Da ma ta yi. Ta ajiye wayar a kan tabarma, ta haɗa kayanta, ta ce ba za ta iya kwana a gidan ba tukuna.

Wa ya gaya mini? Yaro yana abu a ɓoye, sai a ce uwa ta yi duba ta sani? Ni uwa ce. Ban yi laifi ba.

Asabar, huɗu na yamma

Na bi Uwar Yawo tashar jirgin, don kada a ce mace ta fita ita kaɗai a garin da ba ta sani ba.

Ɗaki ne dogo a ƙarƙashin matakala, ranar Asabar kaɗai ake barin mutane su shiga kallo. Lema ta fi ɗari uku, an rataye su kamar jemagu. Tabarau cike da kwali. Haƙoran roba a cikin kwalba, kowanne da lambarsa. Takalmi ƙafa ɗaya ɗaya. Kejin tsuntsu. Ƙafar katako!

Na tambayi mai tsaron ɗakin, wani dattijo mai alƙalami a bayan kunne, “Baba, wanda ya manta ƙafarsa, da me ya sauka daga jirgin?”

Ya ce, “Hajiya, shekara ashirin da shida ina wannan tambayar. Kin ga ban yi ritaya ba.”

Na ce masa wannan ɗaki shaida ne a kan sakacin mutanen zamani. Ya ce a’a, ƙafar ta girme ni. Na tambaye shi me ya sa ba sa zubarwa. Ya ce ba ya zubar da abin da bai san labarinsa ba, domin bara wata tsohuwa ta zo neman wani cokali da ta manta tana amarya, kuma ta same shi. Cokali! Na so in ga irin cokalin, amma ta tafi da abinta.

Mun fi awa biyu a ciki. Ni ce na ƙi fita, in faɗi gaskiya.

Lahadi, tara na safe

Na kira gwaggon. Ta ce yarinyar tana wanka. Ba a jin ƙarar ruwa.

Talata, shida da rabi na yamma

Yau malamin gilashi ya ce kada a taɓa sa zanin da jini ya ɓata a ruwan zafi da farko. Na ɗaga hannu na ce haka ne, jinin dafuwa yake yi ya kama zare. Ya tambaye ni a wane littafi na karanta. Na ce a hannun uwata, wadda ta yi shekara arba’in tana wankau. Aka yi tafi. Ban ga abin tafi ba.

Bayan an tashi na ce wa Uwar Yawo zan je sayen man shafawa. Na nufi layin masu gyaran waya. Layi ne siriri, rumfa na dafe da rumfa, kowa da fitila a goshi da rana tsaka. Na farko ya ce abin da aka goge ya tafi. Na biyu ya ce in bar masa wayar kwana uku, amma idonsa bai kwanta mini ba. Na uku ya ce in sayi sabuwa.

Ina juyowa sai ga Uwar Yawo tana cin gyaɗa a bakin layin.

“Yaya, wane irin mai ake sayarwa a nan? Na shafa wa batir?”

Na ce ba na son shisshigi. Ta ce ita ma ba ta so, gado ta yi. A hanya na gaya mata. Ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce na yi kuskure ba. Ta miƙo mini gyaɗa.

Laraba, ɗaya na rana

Ni uwa ce. Sakamakon ya faɗi ko bai faɗi ba? Ya faɗi.

Alhamis, biyar na yamma

Na biyu a jerin Uwar Yawo: gidan wani tsohon tela da ya tara duwatsun guga. Ɗaki uku, bango zuwa bango. Akwai na gawayi mai zakara a hancinsa, akwai ɗan mitsitsi na guge wuyan riga, akwai wanda sai mutum biyu suke ɗagawa. Jikar telan ce take zagayawa da baƙi, budurwa mai farce dogaye. Ta nuna wani ta ce ramukan gefensa ado ne.

Na ce, “’Yata, ado? Nan iska take shiga ta hura gawayin. In ya yi sanyi sai ki kaɗa shi haka.” Na nuna mata da hannu. “Kuma kafin ki ɗora a farar riga, ki goge gindinsa a tsumma, ki tofa masa ruwa ki ji irin kukan da zai yi. Kukan ne yake gaya miki zafinsa.”

Ta ɗauko takarda tana rubutawa. Baƙi uku suka bar ta suka kewaye ni. Wani ya tambaya ko ni ma’aikaciyar gidan ce. Uwar Yawo ta ce, “A’a, ita ma kayan tarihi ce, aro aka ba mu.”

Yarinyar ta ce in maimaita maganar kukan, ta ɗauka a wayarta. Na ce a’a. Na fita waje na jira su.

Asabar, sha biyu na rana

Hasumiyar agogo. Matakala casa’in da huɗu, na ƙirga da gwiwoyina. A sama akwai mutumin da yake ɗaure agogon da hannu duk kwana uku, da wani ƙarfe kamar na tada tsohuwar mota. Cikin agogon ya kai girman ɗakin girkina, haƙora na cizon haƙora, wani dutse yana sauka a hankali a jikin sarƙa. Na tsaya ina kallo har wuyana ya ƙage. Ashe lokaci nauyi ne yake jan sa.

Agogon yana baya da minti huɗu. Na gaya masa. Ya ce ya sani, duk garin sun sani, kowa yana ƙara huɗun da kansa. Wani shugaban gari ya taɓa sa a gyara, mutane suka yi mako guda suna isa wurare kafin lokaci, suka kai ƙara aka mayar.

Na ce wannan ai koya wa jama’a zama da kuskure ne. Ya ce, “To, Hajiya, da wa za su zauna?”

Na juya na kama hanyar sauka.

Litinin, bakwai na safe

Baban yara ya ce ya je gidan gwaggon, ya ga yarinyar. Ta rame. Ta gaishe shi, ta tambayi ƙannenta. Na ce, “Ni fa?” Ya ce layin ba ya da kyau.

Talata, shida na yamma

Ban so zuwa ba. Uwar Yawo ta ce saura wuri biyu a takardarta, kuma ba ta san hanya ba. Ƙarya take, ta fi direban tasi sanin garin nan.

Tsohon gidan rediyo ne, an mayar da shi gidan ajiye muryoyi. Babu abin kallo sai kujeru da abin sa wa a kunne. Ka danna lamba, ka ji garin nan shekara sittin da suka wuce. Na ji mai tallan kananzir. Na ji kukan jirgin ƙasa mai gawayi. Na ji ’yan makaranta suna karanta jadawalin lissafi, wani a baya yana kuskure yana bin sahu. Na ji wata mata tana ciniki a kan kifi, ta rantse ba za ta ƙara ba, ta ƙara. Duk sun mutu, ko sun tsufa sun manta ranar. Amma matar tana nan tana rantsuwa.

Na tambayi ma’aikaciyar wurin wa ya ɗauki waɗannan. Ta ce wani ma’aikacin rediyo ne da ake yi wa kallon mara aikin yi, yana yawo da akwati yana ɗaukar hayaniya. Sau biyu ana ba shi takardar gargaɗi.

Na ce, “Iyayensa fa? Ba su hana shi ba?”

Ta ce ba ta sani ba, ba a ɗauki muryarsu ba.

Uwar Yawo ta zungure ni, na fito da wayar daga cikin safa. Ma’aikaciyar ta saurare ni har ƙarshe. Ta rubuta mini kwatancen wata mata a bayan layin masu gyara, wadda take ceto musu tsofaffin kaset da memori. Likita ake ce mata.

Laraba, biyar da rabi na yamma

Likita ƙaramar mace ce mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a ka. Shagonta ya fi ɗakin tiyatarmu tsabta, na yaba mata. Ta zare memorin da ɗan hantsaki, ta sa a kwamfuta.

Ta ce, “Mama, in an goge abu, ba ya tafiya nan take. Sunansa kawai ake cirewa daga ƙofa, shi yana ciki a zaune. Da a nan aka tsaya, da na fito miki da kusan duka.”

Na ce alhamdu lillahi.

Ta ce, “Tsaya. Wa ya zuba waɗannan darussan? Sun cika shi har baki. Sabon abu a kan tsohon yake kwanciya. Duk inda lissafin nan ya zauna, ya danne abin da ke ƙasa.”

Na ce mai gyara ne ya zuba.

“Shi ya ga dama, ko sa shi aka yi?”

Na ce sa shi aka yi. Har aka ce ya ƙara na turanci da ya ce akwai sauran wuri.

Ta sauke tabarau na biyu a kan na farko, ta ce in dawo Juma’a, za ta duba ’yan tsakankanin da darussan ba su taka ba.

Alhamis, ɗaya na rana

Gogewar ba ita ta kashe ba. Gyaran ne.

Juma’a, biyar na yamma

Sakan arba’in da ɗaya. Shi ke nan abin da ya rage daga shekara guda.

Likita ta sa mini abin ji a kunne, ta juya baya tana goge teburin da ba shi da datti. Sai ga Inna. Tarinta na farko, sannan muryar, kamar tana bayan ƙofa:

“Matso, Mai Kunne. Kin ga uwar nan taki mai faɗa? Tana ’yar shekara tara ta ɓace mini kwana uku a jere, kullum ta fita da kayan makaranta, ashe ba makarantar take zuwa ba. Ranar na uku sai ga ta ta dawo, rigar nan tun daga wuya har...”

Sai ƙofa ta buɗe a cikin wayar. Sai wata murya mai kaifi: “Ke! Ajiye wayar nan ki tashi ki ɗauraye kwanuka. Inna, ki daina biye mata, hutu likita ya ce ki yi.”

Inna ta ce, “To, ga ta nan.” Suka yi dariya ƙasa ƙasa, su biyu. Ya yanke.

Ban taɓa jin muryata daga waje ba. Haka nake? Na sa Likita ta maimaita sau huɗu. Ba Inna nake saurare ba a na huɗun.

Na tambaye ta ko za a iya yanke ƙarshen, a bar Inna kaɗai. Ta ce minti ɗaya ne aikin. Ta ɗora hannu, tana jirana.

Uwar Yawo ta ce, “Yaya, sake gogewa za ki yi?”

Na ce a bar shi yadda yake.

Asabar, takwas na safe

Na tura wa gwaggon muryar, na ce ta ba Mai Kunne. Ban haɗa da wani bayani ba. Na rubuta, na goge, na rubuta. A ƙarshe na ce: Wannan kaɗai aka samu. Ni na jawo. Ki yafe mini.

An nuna an buɗe. Shiru.

Lahadi, huɗu na yamma

Shiru. Uwar Yawo ta ja ni wuri na ƙarshe a takardarta, wani lambu da aka jera tsofaffin allunan tituna da aka canza wa suna. Ban ga komai ba. Ta ce in ba ta wayata ta riƙe, na ƙi.

Litinin, ɗaya na rana

Na ci jarrabawar injin. Na biyu a aji. Shiru.

Talata, shida da kwata na yamma

Mai Kunne ta kira, da wayar gwaggonta. Ina tsaye a bakin taga, ana fito da burodi.

Ba ta gaishe ni ba, kuma ban ce komai a kan haka ba, a rubuta wannan. Ta ce, “Mama, ina kika je kwana ukun?”

Na ce ba abin da ya shafe ta.

Ta ce, “Sau biyu Inna tana fara labarin kina shigowa. Yanzu ke kaɗai kika sani.”

Na dubi Uwar Yawo, ta kafa kunne ba kunya. Na juya mata baya. Na ce injin zuba kwalta na bi. Ana shimfiɗa titi a bayan unguwarmu, ban taɓa ganin abu mai tafiya yana haifar hanya a bayansa ba. Na bi shi kwana uku ina so in ga inda hanyar take fitowa. Ranar na uku na matsa kusa na leƙa ƙarƙashinsa, na dawo da kwalta tun daga wuya har gwiwa, a rigar makaranta guda ɗaya da nake da ita.

Na ji wani sauti a wayar. Na ɗauka kuka ne. Dariya ce, ko duka biyun.

“Inna ta dake ki?”

Na ce a’a. Ta zaunar da ni ta ce in gaya mata abin da na gani a ƙarƙashin injin tukuna, domin ita ma ta daɗe tana son sani. Bayan na gama ta hana ni fita mako biyu.

Sannan ta ce, “Kada ki ƙara ba ni labari a waya, yanzu ba na ɗaukar muryar. Ki bari sai kin dawo. Kuma akwai labarin ranar da aka haife ki, da waƙar guga, na san farkonsu, ban san ƙarshe ba.”

Na ce waƙa kam ba zan yi ba, ni ba mawaƙiya ba ce.

Ta ce, “Yaushe motarku za ta iso?”

Uwar Yawo ta ce in ba ta takardar shaidar kwas ɗina ta riƙe mini, kada in jiƙa ta.

Asabar, biyar na yamma, a gida

Na sami Mai Kunne ta riga ni isowa, tana shanya a tsakar gida, ta juya rigunan ciki waje yadda ya kamata. Ta rame. Ta karɓi jakata. Ba mu rungumi juna ba, ba halinmu ba ne. Na ba ta wayarta. Ta sa a aljihu, ta ce gobe bayan an karya za mu fara, in shirya muryata. Shekara gudan nan ba za ta dawo ba, mu duka mun sani. Abin da ke kaina kaɗai za ta samu, kuma kaina ba na Inna ba ne.

Na tara su duka, har baban yara da yake ƙoƙarin sulalewa. Na ce sakamakon jarrabawa yana nan a bakina, ban janye ba, kuma waya ba za ta hau tabarmar cin abinci ba har gobe. Amma daga yau, a gidan nan, ba a goge abin wani, ba a ƙona shi, ba a zubar, ba a kuma gyara masa shi, sai an zaunar da mai abin an tambaye shi mene ne a ciki, an kuma saurare shi har ya kai aya. Ƙaramin ya ɗaga hannu ya ce har da manya? Na ce da manya za a fara. Wanda ya karya, wankin gidan na mako guda a kansa, da hannu, kuma ni zan duba wuyan riguna.